Noti Huɗu da Sunan 'Yar Fari

Duk wanda ya taɓa hawa babur a Haɗeja ya san Malam Safiyanu bakanike, ko da bai taɓa kai masa gyara ba, domin Malam Safiyanu ba ya jira a kawo masa. Rumfarsa tana bakin titin da ke gangarawa kasuwar kifi, kwano huɗu a kan sanduna, da benci guda, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo. A nan yake wuni yana sauraron baburan mutane kamar an ba shi ajiyarsu. Kana tafe kana harkar gabanka sai ka ji an ce mai jan babur ya tsaya, kuma kafin ka gama tambayar ko lafiya, mutumin ya riga ya tsuguna a gindin tayarka ta baya.

Abu ɗaya yake nema. A tayar baya ta kowane babur akwai faifan ƙarfe mai haƙora wanda sarƙa take ja, kuma noti huɗu ne ke riƙe da faifan nan a jikin tayar. Murfin sarƙa ya rufe su, ba mai ganinsu balle ya tuna da su. Mutum zai wanke babur da sabulu, ya ɗaura masa geza a madubi, ya sa masa ham mai kukan babbar mota, amma ya shekara uku bai san ƙarafan nan huɗu ne ke ɗauke da shi ba. In suka kwance, ƙusar da notin ke hawa takan zaro kai ta sarƙafe a jikin babur, taya ta cije ana tsakiyar gudu, mai babur da abin da ya ɗauko kowa ya kama gabansa. Kafin a kai ga haka sukan yi gargaɗi, wani ɗan ƙwas da ake ji in an ja mai ko an saki. A duk garin Malam Safiyanu ne kaɗai ya ɗauki wannan ƙwas ɗin a matsayin magana.

Yana da yadda yake ɗaura su, kuma ko gobara ake yi ba ya tsallake ko ɗaya. Ya wanke zaren ƙusa, inda noti ke murɗawa, da fetur, ya sa noti da yatsa tukuna, duka huɗun. Sannan ya ɗauki sifana ya bi su a gicciye, na gabas sai na yamma, na kudu sai na arewa, kaɗan-kaɗan, har zagaye uku. Ba ya taka sifana da ƙafa, ba ya ƙara mata bututu. Da ya ji noti ya zauna sai ya tsaya, ya lanƙwasa kunnen washa, ɗan fallen ƙarfen da ke ƙarƙashin noti, a jikinsa don kada ya juya. In ya miƙe yana goge hannu, magana ɗaya yake yi wa kowa, ɗan acaba ne ko alhaji: "Ka dawo bayan kwana uku in sake taɓa su. Sabon ɗauri yakan saki kaɗan." Kowa ya ce in Allah ya yarda. Shekara talatin ke nan, ba wanda ya taɓa dawowa.

A tsallaken titi akwai rumfar Bunu, shi ma bakanike, ƙato mai fara'a. Bunu ya san halin mutanenmu, ba mu yarda an yi mana aiki sai mun ga gumi. In zai ɗaure noti yakan zura sifana a cikin wani bututun famfo mai tsawon kamu biyu, ya hau kai da ƙafa, ya yi nishi, ƙarfe ya yi ƙara, mai babur ya gyaɗa kai cikin gamsuwa ya ce lallai wannan ya ɗauru. Bayan wata guda zaren ya cinye, notin ya kwance, mai babur ya komo wurin Bunu, tunda ai shi ne mai ƙarfin hannu. Na Malam Safiyanu kuwa in sun tafi sun tafi, babu abin da zai dawo da su. Sai mutanen gari suka duba tsallake suka ga cincirindo, suka dubo nan suka ga dattijo a kan benci, suka yanke hukunci cikin adalci cewa Bunu ya fi iya aiki, shi kuwa Malam Safiyanu hannunsa ya yi sanyi, sai surutu.

Ba su san shi ma ya taɓa yin zamanin bututu ba. Yana saurayi ya fi Bunu taka sifana. Wata shekara amininsa Adam, mai fataucin tattasai, ya kawo masa babur, ya ɗaure masa faifai da dukkan ƙarfin da Allah ya ba shi, saboda aminci. Kwana tara bayan nan Adam ya ɗauko buhu biyu zai kai Jahun, taya ta cije masa a hanya. Ƙafarsa ta karye wuri biyu, mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ta warke a gajarce. Safiyanu ya je har inda abin ya faru ya tsinto guntun ƙusar, ya ga ta miƙe ta sirance kamar alewar da aka ja kafin ta tsinke. Ya gane aikin wa ya gani. Har yau guntun yana cikin akwatinsa a ƙwanson ashana. Adam ya ce ƙaddara ce, bai taɓa zarginsa ba, kuma wannan ne ya fi cin ran Safiyanu. Tun da Adam ya bar fatauci kullum yana rumfar, ya jingine sandarsa, ya miƙe gajeriyar ƙafar a kan bencin, inda mai rumfar zai wuni yana ganinta.

To mutumin da ya tare babur ɗin limami, ya tare na ɗan sanda, ya taɓa bin wani baƙo da gudu har tasha don ya gaya masa notinsa ya kwance, akwai babur guda a duniya da ba shi da bakin tarewa. Gidansu Malam Safiyanu Fulanin gida ne. Shanu sun ƙare tun zamanin kakansa, Fulatanci ya bi su, abin da ya rage na gado sai kunya, ita kuwa an riƙe ta da hannu biyu. 'Yarsa ta fari Bushira ce, amma wannan sunan daga bakin liman ya ji shi ranar suna, bai taɓa fitowa daga nasa ba. Ranar da ya kai ta makaranta malamin ya tambayi sunanta, Safiyanu ya juya yana karanta bango har yarinyar ta faɗa da kanta. Uwarta Ma'u tana ce mata Yaya kamar yadda ƙannenta ke faɗa. Shi kuwa yarinyar nan yake cewa, da ta yi aure a Baturiya ya samu sauƙi, ta koma ta Baturiya. Yana sonta fiye da duk abin da ya haifa, kowa a gidan ya sani, kuma shaidar ita ce ita kaɗai ce ba ya kallo.

Mijinta Abdulmannan mai dakon bandar kifi ne, yana kawowa kasuwar Haɗeja a babur sau biyu ko uku a mako. Yaro ne mai ladabi har ya yi yawa. In ya doso rumfar surukinsa, tun daga nesa yake kashe inji, ya sauka, ya turo babur da hannu, ya kafe shi, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a rana ya yi gaisuwa yana kallon ƙasa. Malam Safiyanu ya amsa yana kallon wancan gefen. A shekara biyu ba su taɓa haɗa ido ba, kuma kowannensu yana yabon ɗan'uwansa a bayan ido. Gyara kuwa wurin Bunu yake kaiwa, ba don raini ba. Yaya za a yi ya tsaya a tsaye uban matarsa yana tsugune a gindin ƙafarsa da sifana? Malam Safiyanu da kansa ya taɓa gaya wa Adam cewa yaron nan ya san ya kamata.

Ladabin ne ya tona asirin babur ɗin. Da a kunne yake wucewa, ƙarar inji da hayaniyar 'yan kifi sun rufe komai. Amma wata Litinin cikin damina, ya turo shi a kashe, shiru, tayar ta hau ɗan tudun bakin kwalta ta sauka, sai Malam Safiyanu ya ji ƙwas. Ya ajiye kofin shayinsa. Da yaron ya gama gaisuwa ya ci gaba da turawa, ya sake ji. Bakinsa ya buɗe da kansa kamar yadda ya saba, sai ya tuna babur ɗin wa ne, ya mayar da shi tari.

Da kifi kaɗai babur ɗin ke ɗauka da ya yi haƙuri. Amma Bushira tana da ciki wata shida, na fari, ƙafafunta sun kumbura, kuma a asibitin ƙauyensu an ce ta riƙa zuwa awo Haɗeja duk mako biyu. A bayan babur ɗin nan take zuwa, a kansa take komawa. Sai ta shiga wata na bakwai za ta taho gida ta zauna har ta haihu, kamar yadda ake yi. A watan nan kuwa kogi ya cika ya watsu a fadama, wani yankin hanyar a kan jinga ake bi, faɗinta bai wuce na kurar 'yan ga-ruwa ba, ruwa dama ruwa hagu, ciyawar kachalla ta fi mutum tsawo. Malam Safiyanu ya san hanyar, ya kuma san abin da taya ke yi in ta cije. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba tun ranar Adam.

Ya fara da Ma'u. Da safe tana dama koko ya tsaya a bakin madafi ya yi mata bayani tiryan-tiryan, faifai, noti, zare, washa, ya ce ta gaya wa ta Baturiya ta gaya wa mai gidanta. Ma'u ta saurara da kunne ɗaya, domin shekara ashirin da biyar tana jin wannan karatun. Ta ga kuma bai dace a tsorata mai ciki da zancen faɗuwa ba. Da 'yar ta zo sai ta ce mata babansu ya ce su riƙa yawaita addu'a in za su hau. Bushira ta ji daɗi ƙwarai da Baba ya tuna da ita, ta aiko masa da tarwaɗa mai kyau.

Ma'u ta ce ai ga waya a aljihunsa, ya kira yaron mana. Lambar tana ciki, an rubuta Baturiya a kanta, ba a taɓa danna ta ba. Ya koma bayan rumfa ya danna. Abdulmannan da ya ga mai kiran, ana jin lokacin da ya durƙusa a can, ya shiga jero gaisuwa, ya gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da maƙwabta. Da ya yi shiru yana jiran umarni, Malam Safiyanu ya tambaye shi ko ruwa ya sauka a wajensu. Ya ce ya sauka, Baba, alhamdulillahi. Malam Safiyanu ya ce madalla, ya kashe.

Sai ya tura Adam, wanda aƙalla ya san abin a ƙafarsa. Adam ya ɗingisa har kasuwar kifi ya isar da saƙo daidai, bai rage ko harafi ba: surukinka ya ce notin faifanka ya kwance, a gyara yau. Abdulmannan ya ce maganar Baba ai umarni ce. Ko cinikin kifinsa bai ƙarasa ba, ya tura babur ya kai wa Bunu. Malam Safiyanu yana zaune a kan benci, titi ne kawai tsakaninsu, ya ga an cire murfin sarƙa, ya ga an ɗauko bututun famfo, ya ga Bunu ya hau. Sau huɗu Bunu ya yi nishi, sau huɗu ƙarfe ya yi kuka, kuma kowanne Malam Safiyanu ya ji shi a haƙoransa. Da aka gama Abdulmannan ya tsallako ya durƙusa ya ce an cika umarnin Baba, an ɗaure su tamau. Malam Safiyanu ya kalli wancan gefen ya ce Allah ya yi albarka. Da yaron ya tafi Adam ya ce to ai shi ke nan, hankali ya kwanta. Da ya duba sai ya ga amininsa ya buɗe akwati yana juya ƙwanson ashana a hannu.

Ƙarar ta ɗauke kwana takwas. A na tara ta dawo, kuma ba ita kaɗai ba, ta zo da ƙanwarta, ƙwas-ƙwas.

Ya yi tunanin gyarawa a ɓoye. Ranar awo sukan biya gida Bushira ta ci abinci ta huta, gidan kuwa yana bayan rumfar kaɗan. Amma Abdulmannan ba ya shiga gidan surukai ya baje. A gindin bishiyar mainar ƙofar gida yake zama a kan tabarma, babur a gefensa kamar ya ɗaure akuya, in aka kawo masa abinci ya ce ya ƙoshi. Ba ya tashi sai an kira salla, lokacin kuma Malam Safiyanu ma masallacin ya nufa.

Ranar awon ƙarshe kafin ta dawo gida, Laraba ce, hadari ya haɗo ta gabas tun hantsi yana tsaye bai motsa ba. Da aka kira azahar Abdulmannan ya wuce masallaci, Malam Safiyanu ya tsawaita alwala har layin ya watse. Ya lallaɓa gindin maina kamar ɓarawo, ya tsuguna, ya zura yatsa ta ƙarƙashin murfin sarƙa. Faifan ya motsa a hannunsa. Ya zaro yatsan ya ga jan gari, tsatsar da ƙarfe ke yi in yana cin ɗan'uwansa. Aikin sai an cire taya, ga shi an riga an ta da iƙama. Ya shiga sahun ƙarshe ya yi raka'a huɗu, in ka tambaye shi abin da ya karanta a cikinsu ba zai iya gaya maka ba.

Ya koma rumfa ya zauna yana lallashin kansa. Tafiya ɗaya ce ta rage, yau su koma, mako mai zuwa a kawo ta. Yaron ba ya gudu. Allah ne mai tsarewa. Duk ya san waɗannan maganganun, su ne mutane ke gaya masa shekara talatin yana yi musu tsawa. Yana cikin haka suka fito. Abdulmannan ya turo babur a kashe ya yi sallama a durƙushe, Bushira ta rusuna iyakar yadda cikin ya bar ta, ta ce Baba za su koma kafin ruwa. Ya kalli wancan gefen ya ce Allah ya kiyaye hanya. Suka tura gaba har inda ladabi ya yarda a kunna inji, wajen mai sayar da rake. Abdulmannan ya buga ya tashi. Bushira ta tattare hijabinta, ta dafa kafaɗarsa, ta hau da ƙyar. Babur ya ja, ƙarar ta iso har rumfa.

Malam Safiyanu ya miƙe ya ce ke, ba wadda ta san da ita ake. Ya fito bakin titi ya ce ta Baturiya, inji ya cinye maganar, kuma titin kasuwar kifi ranar Laraba cike yake da mutanen Baturiya. Babur ya fara nisa. Sai ya cika ƙirjinsa.

"Bushira!"

Ba ta juyo nan take ba. Ta san sunan, ta san muryar, amma ba ta taɓa jin su tare ba. Sai da ya sake sannan ta ƙanƙame rigar mijinta, ya taka birki. Titin ya yi tsit. Mai rake ya tsaya da wuƙa a hannu, Bunu ya sauko daga kan bututunsa, Ma'u da ta rako su bakin lungu ta rufe baki da gefen mayafi. Malam Safiyanu ya koma ya ɗauki akwatin ƙarfensa, ya taka a tsakiyar titi kowa yana kallonsa, ya isa. Bai kalli fuskar kowa ba.

"Sauko," ya ce wa tayar baya.

Ta sauko. Ya ajiye akwati, ya naɗe hannun riga, ya tsuguna daidai ƙafar Abdulmannan. Yaron ya rasa inda zai sa kansa. Ba zai tsaya a kan surukinsa ba, sai ya saki babur ya durƙusa, da ya ga har yanzu kansa ya fi na Baba tsawo sai ya ƙara yin ƙasa, har ya kusa kwanciya a kwalta. Babur ya yi tangal-tangal ba mai riƙo, ba don Adam ya iso da sandarsa ya kama kan ba da ya faɗo a kansu duka biyu. Aka kafe shi. Aka kawo wa Bushira kujerar mai rake ta zauna.

Ya cire murfi, ya sauke sarƙa, ya zaro taya. Noti na farko da yatsa ya fito, babu sauran zare a cikinsa. Na biyu haka. Na uku babu shi sam, ƙusar ta zaro kai ta fara goga jikin ƙarfe har wurin ya yi fari. Na huɗu ne kaɗai ke riƙe da faifan, shi ma ƙusarsa ta lanƙwashe ta sirance a tsakiya. Ya jera su a kan tsumma a ƙasa. Adam ya leƙo ya daɗe yana kallon ta huɗun, sannan ya kalli ƙafarsa, sannan amininsa. Sai ya gyara riƙon babur ɗin.

Sababbin ƙusoshi huɗu da notinsu suna aljihunsa, kwana goma sha biyu yana yawo da su. Ya wanke, ya sa da yatsa, ya bi su a gicciye, gabas, yamma, kudu, arewa, zagaye uku. Bai tsallake komai ba. Ya lanƙwasa kunnen washa, ya mayar da taya, ya daidaita sarƙa. Da ya miƙe yana goge hannu, Abdulmannan yana nan a ƙasa, tsakaninsu bai kai kamu ɗaya ba. Malam Safiyanu ya juya wajen Adam.

"A gaya wa mai babur ɗin nan ya dawo bayan kwana uku."

Adam ya sunkuya ya gaya masa. Abdulmannan ya ce a gaya wa Baba ya ji. Suka hau suka tafi, babur bai ce ƙala ba, kuma hadarin bai sauka ba sai da la'asar sakaliya, bayan sun kira Ma'u sun ce sun isa.

Kafin magariba labari ya zaga unguwa. Ba wanda ya tambayi noti nawa aka samu a kwance. Abin da aka ɗauka shi ne Malam Safiyanu ya kira sunan 'yar farinsa a tsakiyar titi, da ƙarfi, har sau biyu, sannan ya tsuguna a gaban surukinsa. Wata gwaggonsa ta aiko a tambaya ko lafiyarsa ƙalau. Dattawan masallaci suka ce zamani ne, in irin su Safiyanu suka zubar da kunya to sai addu'a. Bunu ya ce da an dawo masa da shi ai da ya ƙara taka shi kyauta, kuma masu sauraro suka yarda cewa Bunu mutumin kirki ne. Kwana biyu Malam Safiyanu yana zuwa masallaci ta bayan layi. Kunyar ta dame shi da gaske, ba wasa ba, duk da ya san da za a maimaita ranar haka zai sake yi.

Ranar Asabar da safe ya fito buɗe rumfa ya tarar da babur a kafe a gabanta, makulli a jiki, ƙamshin banda yana tashi daga kujerar baya. Babu kowa. Ya duba hagu ya duba dama, sai can a kusurwar katangar masallaci ya hango takalma biyu a tuɓe da gefen wata riga. Ya yi kamar bai gani ba. Ya cire murfin ya ɗora sifana a na gabas. Notin ya karɓa kaɗan, kamar faɗin ƙwayar gero. Na yamma ma haka, na kudu haka, na arewa bai motsa ba. Shekara talatin yana gaya wa mutane sabon ɗauri yakan saki, yau ne ya fara ganin hakan a babur ɗin da ba nasa ba. Ya so ya nuna wa wani, amma Adam bai iso ba tukuna, mai babur ɗin kuma yana bayan katanga. Ya mayar da murfi, ya shiga lungu ya ba da baya, har ya ji an tura babur an yi nisa an kunna.

Da rana Ma'u ta kawo masa abinci rumfa da kanta, abin da ba ta saba ba. Ta ajiye kwano, ba ta tafi ba. Ya tambaye ta ko ta Baturiya ta kira, ƙafafun da sauƙi? Ta ce da sauƙi, ranar Alhamis za a kawo ta. Ta ɗan tsaya tana gyara mayafi.

"Ta ce wai ashe ka iya faɗinsa, Malam. Ta ce tun tana ƙarama take son ta ji yadda zai fito a bakinka. Wai Allah ya yafe mata, amma da suka kama hanya har ta yi fatan notin ya sake kwancewa."

Malam Safiyanu ya kalli wancan gefen. Ya ce shirme, aikinsa ba ya kwancewa. Ya ɗauki sifanar da ya riga ya goge tun safe, ya ci gaba da goge ta, har abincin ya huce.